Kujerar da Yayana Ya Kai Babban Kanti

Yayana kafinta ne, kuma tun ina yarinya ban taɓa ganinsa babu tef ɗin awo a aljihu ba. Shi ya sa a unguwa ba mai kiran sunansa, sai dai Mai Awo. Zai shigo gidanka gaisuwa, ka tashi kawo masa ruwa, kafin ka juyo ya durƙusa yana duba teburinka, ya ce maka ƙafar hagu ta gaza da rabin yatsa. Ba wanda ya tambaye shi fa. Ni ƙanwarsa ce, shekara tara ya ba ni, kuma na fi kowa sanin cewa mutumin kirki ne mai wuyar zama. Ina sonsa, amma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na bar gidansa ina ƙunƙuni har bakin titi.

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a shago ɗaya, wani ɗaki a gaban gidansa mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi ɗaya tana kallon tsakar gida. Rabin gadajen unguwar nan daga ɗakin suka fito, har da wanda nake kwana a kai. Matarsa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya'ya uku. Mazan biyu suka girma suka yi nisa neman abinci, sai waya. Macen, wadda muke kira Auta, ita ta tashi a cikin dusar katako, tana riƙe masa bakin tef yana ja. Bai iya lallashi ba, bai iya wasa da yara ba. In yana son nuna mata ƙauna sai ya ƙera mata wani abu: akwatin littattafai, teburin karatu, kabad ɗin da ta tafi da shi gidan miji.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka buɗe Babban Kanti a bayan gari. Yana da sunansa a rubuce da jajayen haruffa, amma mu haka muke ce masa. Daga allura har gado babu abin da babu a ciki, ga fitilu tarwai, ga sanyi, ga arha kamar an tsinto kayan. Cikin shekara uku mai kantin kan kwana ya rufe, mai sayar da ƙusa da fenti ya rufe, matar da ke sayar da kwanuka ta koma wajen 'yarta. Wanda ya fi ci wa Yaya rai shi ne amininsa mai gidan burodi. Kantin ya ce zai riƙa kwashe duk burodin da ya gasa, mutumin ya yi murna, ya sallami tsofaffin masu sayensa, ya ƙara ma'aikata. Daga nan duk bayan 'yan watanni sai a kira shi a ce ya rage farashi ko a nemi wani. Ya rage, ya sake ragewa, har ranar da ya kashe wuta ya rufe ƙofa. Bai fi shekara ba bayan nan hawan jini ya kayar da shi, bai tashi ba.

Yaya ya dawo daga jana'izar ya ce mini, "Ke, arhar nan ba daga sama take faɗowa ba. Duk abin da aka rage miki a wurin nan, a jikin wani aka yanko shi."

Tun daga ranar bai taɓa taka ƙofar kantin ba. Mota biyu yake hawa zuwa tsohuwar kasuwa don ya sayo ƙusa da sabulu. In ka kawo masa saƙo a ledar kantin, zai juye kayan ya miƙo maka ledarka da yatsu biyu kamar ya ɗauko mushen ɓera. Bai yi wa kowa wa'azi a titi ba, bai rubuta wa kowa takarda ba. Kawai ba ya saya, kuma ba ya ɓoye dalili.

Ni kuwa ina saya. Shara na yi a asibiti har na yi ritaya, ɗan abin da nake samu ba ya kai ni tsohuwar kasuwa ya dawo da ni. Nakan juye sukari a tsohon gwangwani, in cusa ledar a ƙasan kwandon shara kafin ya zo. A banza. Zai ɗaga kofin shayi ya shinshina, ya ajiye, ya ce, "Uwar Arha, yau ma an je ke nan." Haushi yakan kama ni, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san yana da gaskiya. Da idona na ga yadda ake kwarara ruwan wanki a kan burodi da 'ya'yan itacen da suka kwana, a manyan kwandunan bayan kantin, don kada wani mai yunwa ya ɗauka. Na gani, raina ya ɓaci, kuma mako na zagayowa na koma da jakata.

Sai ga shi mijin Auta, direban motar kaya, ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa bayansa ya riƙe. Aka yi asibiti aka gaji, ya dawo gida ya kwanta. Auta ta zagaye gari neman aiki, ba inda aka ce ta dawo gobe sai Babban Kanti. Aka ɗauke ta kashiya, mai karɓar kuɗi a kanta. Ranar da ta zo ta gaya wa ubanta ina nan. Ya daɗe yana goge wani katako da bai bukatar guga, sannan ya ce, "Ki yi aikinki, ban hana ki ba. Amma a gidan nan kada a yi mini zancen wurin nan. Ko kalma ɗaya."

Ta kuwa kiyaye. Ni ce na zama wurin juye zance. Ni ta gaya wa cewa ba a yarda kashiya ta zauna ba, wai mai saye in ya ga ma'aikaciya a zaune sai ya ɗauka kantin na malalata ne. Awa tara a tsaye, da hutun minti ashirin. Ni ta gaya wa cewa ranar Lahadi ake turo jadawalin mako a waya, kowa ya duba kwana nawa aka ba shi. Kuma ni ta fara gaya wa tana da ciki, tare da dokar da ta ɗora rayuwarta a kai: wadda ta cika shekara guda cur ba yankewa, tana da hutun haihuwa da albashi, kuma wurinta yana jiranta. Wadda ta gaza, ko da kwana ɗaya ne, ba ta da komai.

"Goggo," in ji ta, "na lissafa. Shekarata za ta cika kafin in haihu. Ko da rarrafe ne sai na kai."

Ta nemi rigar aiki mai faɗi don ɓoye cikin, ta daina tsayawa hira, ta zama ba a jin ko tarinta a wurin. Saura mako bakwai ta cika shekara ta zo gidan ubanta ranar hutunta. Ta zauna a bakin ƙofar shago ta cire takalmi, da ta tashi tafiya takalmin ya ƙi shiga. Ƙafafun sun kumbura sun yi sumul, idon sawu ya ɓace, in ka danna yatsa sai wurin ya loma ya daɗe bai ciko ba. Yaya yana tsaye da zarto a hannu yana kallo.

"Me ya sami ƙafarki?"

"Ba komai, Baba. Tsayuwa ce."

"Ba kujera a wurin?"

Amsar zancen wurin nan ce, wanda ya hana. Ta taka bayan takalmin ta ja ƙafa ta tafi.

Washegari da hantsi sai ga shi a gidana. Bai zauna ba. Ya ciro tef daga aljihu ya ajiye mini a kan tebur, ya ce tunda ni 'yar gida ce a can, in auno masa tsayin kantar da Auta take tsayawa, daga ƙasa zuwa sama, da faɗin wurin da ke bayanta.

A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san abin da zai ƙera. Na san zancen shekara, na san saura mako bakwai, na san yarinyar nan ɓuya take yi. Da na buɗe baki na gaya masa, da ya mayar da tef ɗinsa aljihu. Amma daɗi ne ya kama ni. Shekara da shekaru mutumin nan yana yi mini kallon mai laifi, yau ga shi yana neman alfarma a wurina saboda ina shiga kantin. Na ce a raina, kujera ce fa, wa zai yi faɗa a kan kujera? Na je, na bi wani layi ba nata ba, na yi kamar kuɗina ne ya faɗi, na durƙusa na auna.

Kwana uku ya yi a kan kujerar. Ya ciro wani katako da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi mata dogayen ƙafafu yadda in an zauna hannu zai kai kan na'urar kuɗi ba tare da an sunkuya ba. Ya yi mata sanda a ƙasa wurin ɗora ƙafa, da 'yar majingina daidai ƙugu. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, duk haɗi ne. Ya goge ta har tana santsi. Ban taɓa ganin abin da ya ƙera mai kyanta ba.

Na ɗauka zai ba ni in kai mata a ɓoye, ko ya aika gidanta. Ina! Ranar Asabar da yamma, lokacin da kantin ya fi cika, ya sa wankakkiyar riga, ya saɓa kujera a kafaɗa. Na bi shi ina "Yaya, tsaya mana, Yaya, ka bari sai ranar da ba mutane," ko waiwaye bai yi ba. Mai gadi ya ɗauka kaya ya dawo da su, ya nuna masa wani ofis. Yaya ya wuce shi. Ya nemi layin Auta ya shiga, a bayan wata mata mai keken kaya cike fal, ya jira har aka zo kansa kamar kowa.

Auta ta ɗago kai ta gan shi. Na ga jinin fuskarta ya ɗauke.

Ya zagaya bayan kantar, ya ajiye kujerar, ya girgiza ta ya ga ta zauna daram. Ya ce, "Zauna."

"Baba, don Allah," ta faɗa ƙasa ƙasa. "Don girman Allah ka ɗauka ka tafi. Zan yi maka bayani a gida."

"Na ce ki zauna."

Wata 'yar da ba tamu ba da ta ce a'a. Amma Auta tunda take ba ta taɓa musa wa ubanta a gaban mutane ba, shi ma bai taɓa tunanin akwai ranar da bin maganarsa zai cuce ta ba. Ga layi ya yi tsit, ga idanu. Ta dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai. Ta zauna. Da ta zauna rigar ta manne, cikin ya fito fili kowa ya gani.

Wani ya fara tafi, sai wurin ya ɗauka. Matar mai keken kaya ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Baba!" Wani dattijo ya ce shekara da shekaru yana ganin yaran nan a tsaye bai taɓa tambaya ba. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Manaja ya fito, saurayi ne da bai kai ɗan Yaya na biyu ba, da murmushi har kunne. Ya gaishe da Yaya hannu biyu, ya yaba aikin kujerar, ya ce ai ba komai, ta zauna abinta. Yaya ya juya masa baya. Ya fita bai taɓa ko tsinke ba, kuma a hanya na ji yana 'yar waƙa a maƙoshi, abin da rabon da in ji tun matarsa tana da rai.

Kwana biyu unguwa ba zancen da ake sai wannan. Hoton ya zagaya wayoyi. Mutane suka riƙa cika kwando su zo wurin biyan kuɗi su tambaya, "Ina kujerar sauran?" In aka ce babu, su ajiye kwandon a nan su fita. Wasu matan layinmu suka haɗa kai suka hau mota zuwa tsohuwar kasuwa tare. Ni kaina mako guda ban je kantin ba, ina ta jin kaina wata tsiya. Ana tsayawa a ƙofar shagon Yaya ana miƙa masa hannu, shi kuma yana shan mur don kada a ga daɗin da yake ji.

Ba a kori Auta ba, ba a ma yi mata faɗa ba. Ranar Litinin ta tarar an ɗauke kujerar, aka ce an adana ta a sito saboda tana tare hanya. Lahadin farko jadawali ya zo, kwana shidanta ya koma uku. Lahadi ta biyu, kwana ɗaya. Ta uku ta duba sama ta duba ƙasa, ba sunanta. Ta je ta tambaya, aka ce ciniki ne ya ja baya, za a neme ta. Mako biyu ba aiki, a dokarsu, yankewa ce. Kafin nan kuwa mutane sun gaji da ajiye kwando, an yi rangwamen man girki, layi ya dawo har waje. Ni ma ina cikinsa.

Ita ba ta gaya wa Yaya ba. Ni na je. Na same shi yana yanka katako, wai zai ƙera wasu biyar ya kai wa sauran 'yan matan. Na ce ya ajiye zarton nan ya saurare ni, na zayyana masa komai: shekarar, hutun, saura kwana nawa ya rage mata. Ya tsaya yana kallona kamar da wani yare nake magana.

"Me ya sa ba ta gaya mini ba?"

"Kai ka ce kada a yi maka zancen wurin a gidan nan."

"Ke fa? Ke kin sani?"

"Na sani, Yaya."

Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Sai ya zauna a kan bencin aikinsa ya dafe gwiwoyi, ya daɗe a haka.

Da safe ya sake sa wankakkiyar rigar ya koma kantin, ni ma na bi shi. Muka yi awa biyu a tsaye a ƙofar ofis kafin a ce mu shiga. Yayana, wanda ban taɓa jin ya roƙi mutum ko ruwan sha ba, ya cire hula ya riƙe a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Yarinyar nan ba ta san zan zo ba, roƙona ma ta yi in tafi. Tsufa ne da rashin hankali. A mayar da ita ko na mako biyu ne, ta cika shekararta. In ana so in tsaya a bakin ƙofa in gaya wa mutane ni na yi kuskure, zan tsaya."

Manajan ya ce, "Haba Baba, ka daina wannan magana, ai kai uba ne." Ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya nuna mana wasu layuka. Ya ce ba shi ke yin jadawali ba, daga babban ofis ake turowa, shi ma gani kawai yake yi. Ya ce yana jin ciwon abin ƙwarai. Wataƙila ma da gaske yake, ban sani ba. Ya sa aka kawo mana ruwan roba mai sanyi, ya raka mu har ƙofa. Yaya bai mayar da hularsa ba sai da muka kai tashar mota.

Auta ta haifi 'ya mace lafiya. Gidan hayar da suke ciki ya gagare su, suka tattaro suka dawo gidan Yaya, ita da jaririya da mijin da ba ya iya miƙewa sai an kama shi. Ɗakin da ya isa su shi ne shagon. Yaya da kansa ya kwashe kayan aikinsa ya jibge a wani lungu a tsakar gida ya rufe da tamfol, ya share dusar shekara arba'in, ya toshe ƙofar titi. Ta nemi aiki a wasu kantunan, duk inda ta je sai wani ya ce, "Ai ke ce ta kujera." Yanzu wanki da guga take karɓa a gida.

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kullum da safe za ta durƙusa ta gaishe shi, ta kai masa shayi, ta wanke masa kaya. Amma hirar da ta saba zama a bakin ƙofa tana yi masa ta ƙare. In ya shigo tsakar gida sai ta tuna akwai abin da ta bari a ɗaki. Shi kuma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana zagaye gidansa kamar baƙo.

Ranar da nake son ba da labarinta, ina zaune ina riƙe da jaririyar. Ƙofar ɗakin ta ciki ta kumbura da damina, sai an sa kafaɗa take rufuwa, kuma duk rufewa sai yarinyar ta firgita. Yaya ya lura. Ya je ya ɗaga tamfol ya ɗauko abin goge katako, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar yana shafa gefenta da tafin hannu yana neman inda take cijewa. Na ga fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko cikin watanni. Aikin minti biyar ne.

Auta ta fito da kwandon guga a hannu. Ta tsaya a kansa.

"Baba."

"Yanzu zan gama, 'yar nan. Kaɗan zan rage mata a nan."

"Baba, bar ta haka." Muryarta a kwance, ba fushi a ciki. "Don Allah kada ka sake gyara mini komai."

Hannunsa ya tsaya a jikin ƙofar. Ya ɗago ya dube ta, ita kuma tana kallon kwandon. Ya ce, "To." Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya matsa gefe ya ba ta hanya ta wuce.